Daga Legas zuwa Elmina a mota da ɗan guzuri kaɗan

Tambayar da wani ƙaninmu ya turo ita ce: "Ina zaune a Agege, na samu hutun kwana goma a wajen aiki, abun da na tara bai kai kuɗin jirgi ba balle otal. Ina so ko sau ɗaya in fita Najeriya da jakata a baya in ga wani tsohon gari mai tarihi. Ina zan nufa, kuma ya ake yin tafiyar a mota?"

Toh ƙanena, ka nufi Elmina a ƙasar Gana, ka haɗa da Cape Coast tunda maƙwabta ne, tsakaninsu bai fi kilomita 13 ba. Na yi shekaru ina safarar yadi tsakanin Legas da Akra (Ankara inji iyayenmu fatake), hanyar nan na bi ta da rana na bi ta da dare har na daina ƙirgawa, shi yasa nake gaya maka kai tsaye. Amma shawarar da nafi so ka riƙe ita ce kar ka hau doguwar lagzuriyos ɗin nan mai zuwa Akra kai tsaye a tafiya, ka yanka hanyar gida-gida da ƙananan motoci, a dawowa ne zaka hau babbar lokacin da ka gaji kuɗi kuma sun ja baya. Masu manyan motocin irinsu ABC da Chisco da GUO suna nan wajen Jibowu da Amuwo, aikinsu su karɓi fasfonka su buga maka sitam a kowace boda kana zaune cikin AC, ka tashi da safe ka isa da dare. Akwai sauƙi ba ƙarya, sai dai kuɗin ya fi yawa, kuma ƙasa biyu zaka ratsa ta taga baka taka ƙasarsu ba sai wajen fitsari. Kai da kace gani kake so kayi, wannan ai asara ce.

Takardu tukuna. Biza babu, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90, kuma Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Abun da ake buƙata fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara wanda ake cewa yalo kad. Shi katin nan kar kayi wasa dashi, kaje ofishin Port Health ayi maka allurar da gaske a baka na asali, kuma allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar jajibiri ake yi ba. Zaka ga yara a tasha suna cewa kawo kuɗi yanzu-yanzu a haɗa maka, rabu dasu, na bogi ne ke ja maka tsayuwa da biyan kuɗin da ya ninka na allurar. Kayi hoton fasfon da katin a waya, ka kuma yi fotokwafi ka ajiye a wani aljihu daban.

Daga Agege ka kama hanyar Oshodi zuwa Mile 2, nan motocin Seme suke lodi. Ka fita bayan sallar asuba, wallahi in rana ta fito maka a kan titin Badagry gosulon wajen Alaba Rago da Agbara kaɗai ya isa ya cinye maka safiya. Daga Legas zuwa Kwatano kilomita wajen 120 ne kacal amma shingayen jami'ai sun yi yawa musamman bayan Badagry, sai ka sa haƙuri a aljihu. A Seme akwai ginin boda na haɗin gwiwa da aka buɗe a 2018, na Najeriya da na Benin waje ɗaya, ka shiga da ƙafarka a buga maka fita a buga maka shiga. Masu acaɓa zasu yanyame ka suna cewa zasu zagaya da kai ta bayan gari ba sai an duba komai ba. Kar ka yarda. In babu sitam ɗin shiga Benin a fasfonka, bodar gaba zasu tambaye ka ta ina ka faɗo, daga nan kuma bakinka ya mutu. Boda uku ne a gabanka, Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo ta shiga Gana, kowacce ka duba fasfon da idonka kafin ka bar taga. In fasfonka sabo ne dal ba'a taɓa buga masa komai ba, ka sa a ranka wani zai iya ce maka sabon fasfo yana da nashi kuɗin, a doka babu wannan, amma faɗa da mai kaki ba riba, kayi sallama, kayi fara'a, ka nemi ragi kamar kana cinikin tumatir a Mile 12. Kuma don Allah ko wa ya baka ƙunshi yace riƙe min mu tsallaka, ko tsohuwa ce mai carbi, kace a'a. Wando ko hula mai zanen kakin soja ma ka barshi a gida, a Gana haramun ne farar hula ya sa.

Maganar kuɗi. Benin da Togo duk sefa suke kashewa iri ɗaya, Gana kuma sidi. Kuskuren da sabbin matafiya keyi shine su canza duk Nairarsu zuwa sefa a Seme sannan su sake canza sefan zuwa sidi a Aflawo, an yanke su sau biyu kenan. Ka canza iya na kwana biyu zuwa sefa, na Gana ka riƙe shi daban, in da hali ka maida shi dala tun a Legas ka canza kaɗan-kaɗan a can. Ka nemi ƙananan takardu da silalla don a ƙasashen sefa canji wahala yake, ka miƙa jaka goma, wato takardar sefa dubu goma, a wajen mai shayi sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Na taɓa canji a wata boda ina sauri mota na jira, mutumin ya ƙirga a gabana tsaf ya naɗe ya miƙo min, sai da muka yi nisa na tarar ya zare biyu daga tsakiya, tun ranar ni nake ƙirga na ƙarshe, kuma bana miƙa nawa sai nashi yana hannuna. Katin ATM ɗinka na Naira kar ka dogara dashi, ka ɗauke shi a matsayin ko da. Farashin mota kuwa yana bin kuɗin mai da canjin Naira, ka leƙa Mile 2 da Jibowu sati ɗaya kafin tafiya kaji na ranar, sai ka raba guzurinka uku, kaso ɗaya mota da boda, ɗaya masauki, ɗaya ci da kuɗin shiga wurare, sannan kuɗin motar dawowa ka ɗinke shi a wani waje ka manta da shi.

Babban jarin da kake dashi a hanyar nan ba dala bace, Hausarka ce. Daga Kwatano har Kumashi babu garin kirki da ba shi da zango. A Kwatano unguwar sunanta ma Zongo da babban masallacinta, kusa da tashar Jonke inda ake hawa motocin Wida da Lome, ka hau zem, wato acaɓarsu masu rigar ɗorawa, kace Zongo kawai. A Lome akwai, a Akra ga Nima ga Mamobi ga Sabon Zango ga Fadama, tashar da motar Aflawo zata sauke ka ma sunanta Tudu, garin da zaku maƙale a gosulo in kun fita Akra zuwa Cape Coast sunanshi Kasoa, kasuwa ce tamu aka lanƙwasa. Duk inda ka sauka ka nemi masallaci kayi sallah ka gaisa da mutane, ka tambayi ina masauki mai araha mai tsafta, ina ake cin halal, nawa ne kuɗin mota na gaskiya, a minti goma zaka samu abun da intanet bazata baka ba. Ba ina cewa kaje ka zame wa mutane kaya bane, ka biya kuɗin ɗakinka, amma ɗan zango in ya raka ka gest haus farashin daban yake da in ka shiga kai kaɗai da jaka a baya kana Turancin Najeriya. Hausar Gana zata baka dariya da farko, babu ruwansu da mace da namiji, sai kaji mutum yace matata ya tafi kasuwa, ka danne dariyarka, su ma taka dariya take basu. Faransanci kuwa kalma uku sun ishe ka, bonju, kombiyan wato nawa, da gar wato tasha.

Daren farko ka kwana a Wida, kilomita wajen 40 gaba da Kwatano, ɗaki yafi araha a can kuma garin shiru. Da safe ka taka hanyar bayi da ƙafa, kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin teku inda aka gina wata ƙofar tunawa da bayi da ake kira ƙofar da ba'a dawowa a 1995. Akwai tsohon sansanin Fotugal na 1721 wanda suka riƙe har 1961, bayan Dahomey, wato Benin ta yanzu, ta samu 'yanci ma sai korarsu aka yi. Dalilin da yasa nace ka tsaya a nan, Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 aka sayar, da yawansu ta Wida da Badagry da Legas ɗin nan da kake zaune aka loda su zuwa Bahiya ta Burazil, kuma su ne suka fara tada bore a can tun 1807, kafin babban boren Musulmi na 1835. Akwai ɗakin tsafin mesa daura da coci, masu yawon buɗe ido na rataya maciji a wuya suna hoto, ni dai na wuce abuna, in kana da wannan zuciyar bismillah.

Togo siririya ce, bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba, kuma Lome a jikin bodar Gana take har zaka iya takawa. Ka tuna daga shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, Gana ma haka, Benin ce kawai lokacinmu ɗaya, kar ka tashi asuba da agogon Legas kaje ka tarar da masallaci a kulle. Kasaru da haɗa salloli duk sun halatta maka a hanya, sai in kayi niyyar zaman kwana huɗu a waje ɗaya. Daga Aflawo zuwa Akra wajen awa uku zuwa huɗu, zaku tsallake kogin Volta a Sogakope. Akra tsada gareta, kwana ɗaya ya isa, ka sha koko da ƙosai a Nima, kaci wake da shinkafa wanda suke kira waakye, da tuwon zafi, duk sunayenmu ne, kaje babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021 mai ginin Turkiyya, in da lokaci ka leƙa tsohuwar unguwar Jamestown ta bakin teku. Washegari tashar Kaneshie, motar Cape Coast, kilomita wajen 150.

Yanzu ga inda nake so ka zauna kwana uku cur, ba irin na masu zuwa da bas ɗin haya suyi awa biyu suyi hoto su juya ba.

Elmina mutanen garin Edina suke ce mata, Fante ne masunta, kuma garin ya girmi zuwan Turawa. Fotugal suka gina katafaren gini mai ganuwa da ke bakin tekun garin, wanda ake kira Elmina Castle, a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, shine ginin Turawa mafi tsufa da ya rage a Afirka kudu da Sahara, ka lissafa, shekara 10 kafin Kolombus ya isa Amurka. Da farko zinare ya kawo su, sunan ma daga kalmar mahaƙa ya fito a yarensu, ɗakunan ƙasa na ajiyar kaya ne, daga baya da cinikin bayi ya fi riba sai aka maida mutane su ne kayan. Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. A ƙofa zaka biya, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, in kana da katin ɗalibi ka nuna, sai a haɗa ka da ɗan jagora. Ka bishi, kar kace zaka zaga kai kaɗai, bango baya magana.

Abun da zai tsaya maka a rai ba duhun kurkukun bane kawai, tsarin ginin ne. Tsakar gidan da ake tsare mata, a samanta barandar gwamna take, daga nan yake leƙowa ya zaɓi wadda yake so a wanke ta a hau da ita ta wani matsattsen tsani. Cocin Holan ɗin a saman kurkukun matan take, mutane na waƙar ibada a sama wasu na mutuwa a ƙasan ƙafarsu. Akwai ɗaki mai zanen ƙoƙon kai a saman ƙofa inda ake kulle wanda yayi tawaye ba ci ba sha har ya cika. Sai ƙofar fita zuwa jirgi, wadda ni da jikina sai da na karkace kafin kafaɗata ta shiga. Warin wajen har yau bai gama fita ba. Ranar farko da na shiga da surutu na shiga, muna raha da abokin tafiyata akan kuɗin ƙofa, da muka fito har muka isa bakin gada babu wanda yace uffan.

Kuma kar ka shiga da tunanin wannan labarin wasu ne can, Turawa da mutanen bakin teku. Muna ciki ta ko'ina. Hanyar fataucin goro ta Gwanja da kakanninmu suka bi daga Kano zuwa Salaga, kasuwar Salagan ba goro kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma cikin fataken akwai masu saye da sayarwa, wannan ba abun ɓoyewa bane. Bayin da aka gangaro dasu daga arewa, a Assin Manso ake musu wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su bakin teku, wajen yana nan akan hanyar Kumashi, in ka samu rabin yini kaje. Sannan mun dawo a matsayin sojan Bature. Glover ɗin nan da ake kiran titi da sunanshi a Ikoyi, shi ya haɗa rundunar Hausawa a Legas a 1863, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayen gidansu, rundunar da sojan Najeriya ke cewa daga ita ya samo asali, kuma daga Legas aka kwashe su zuwa yaƙin Asante, masarautar Kumashi, na 1873 zuwa 1874. Wasu basu dawo ba, suna cikin waɗanda suka raya zangunan can. Bayan su sai 'yan kasuwa irinsu Alhassan Dantata wanda ya zauna a Akra yana turo goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Kai da kake Agege, garin da goro ya tara Hausawa, kaga ai ba baƙon waje zaka ba.

In ka fito ka kalli filin nan fetal da ke gaban ginin. Nan ainihin tsohon garin yake, Ingilishi suka yi masa ruwan igwa a watan Yunin 1873 saboda mutanen sun ƙi yarda da su, sarkinsu Kobina Gyan aka kore shi zuwa Saliyo. A cikin ginin kuma akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce dashi Saliyo sannan tsibirin Seshel, bai dawo Kumashi ba sai 1924. Da la'asar ka hau tudun Sen Jago da ke kallon ginin, daga kan tudun nan Holan suka jawo igwa suka ci Fotugal, shi yasa da suka ci sai suka gina wani sansanin a kai don kar ayi musu irin abun da suka yi. Daga sama zaka ga komai, tafkin Benya, ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti da tutoci, hayaƙin matan da ke banda kifi. Da sassafe kuma ka tsaya kan gada lokacin da masunta ke shigowa, kyauta ne kuma a wajena ya fi wasu wuraren da ake biya, sai dai banda Talata, ranar basa fita teku. Kar ka ɗaga waya a fuskar matan kasuwar kifi ba tare da ka tambaya ba, zagin Fante ko baka ji yaren ba zaka gane zagi ne.

Masauki yafi yawa a Cape Coast, ka nemi wajen kasuwar Kotokuraba, akwai zango da masallaci da abincin halal, tasi ta haɗaka ko trotro wato danfonsu zata kai ka Elmina a minti ashirin. Ginin Cape Coast shima ka bashi safiya ɗaya, Suwidin suka fara shi a 1653, Ingila ta maida shi hedkwatarta, garin ne babban birni har 1877 da aka koma Akra, Obama ya ziyarce shi a 2009, gidan adana kayan tarihinsu ya fi na Elmina bayani. Kar ka haɗa biyun rana ɗaya, zuciya bata ɗauka. Dajin Kakum mai gadar igiya a saman bishiyoyi yana kilomita wajen 30, yana da kyau amma in kuɗi sun yi ƙasa shi zaka fara yankewa. Abinci ka riƙe dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi da yaji, araha ga riƙe ciki, a gidajen abinci na gari kuma ka tambayi naman miya don akwai alade da naman daji. Tekun nan kuma kallo kawai, tana da ja, ba ta wanka bace.

Lokacin tafiya, ka guji Disamba don komai ninkawa yake a Gana, Mayu da Yuni kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya. In hutunka ya faɗo farkon Yuli akwai bikin Bakatue a Elmina ranar Talatar farko, Cape Coast kuma nasu Fetu Afahye Asabar ɗin farko ta Satumba, ana cika sosai ɗaki yana wuya, ka kama da wuri. Kaya kuwa kala uku sun isa, silifas, darduma 'yar ƙarama, fawa bank, maganin sauro da na zazzaɓi a cikin kwalinsu na asali, jakar ta zama wadda zaka ɗora a cinya don in ta shiga but sai an caje ka kuɗin kaya. Ranar kwana na takwas ka koma Akra ka yanki tikitin babbar mota tun da yamma, ta tara kana hanya, ta goma kana Agege kana barci kafin aiki. Tsaraba ka sayi cakulan Gana da garin rogo da shito, wato yajinsu, a kasuwar Makola ta Akra, banda atamfa da yawa ko shinkafa, su ne ke sa a sauke maka jaka a kowane shinge daga Seme har Agbara.